Masu karatun sawu cikin dusar ƙanƙara

Yau hirar tamu ta yi nisa, sai arewa maso yammacin Amurka, jihar Washington.

Can akwai wata babbar hanya, I-90, wadda ta taso daga Siyatil ta haye duwatsun Kaskad ta mashigar Snokwalmi, sama da mita 900 bisa teku. Motoci ba su yankewa a kanta dare da rana. Hanyar kuwa ta tsaga daji biyu, na arewa da na kudu. Barewa ko puma da ta so ƙetarewa, ko dai ta koma da baya, ko mota ta kwashe ta, direban ma ya sha wuya.

Abin da ya burge ni shi ne mutanen da ke fita da sanyi, ba albashi ba ko dala. Ƙungiyar Conservation Northwest ke horar da su. Sai dusar ƙanƙara ta sauka ta kwana, su ɗaura waɗansu faffaɗan takalma kamar faifai don kada ƙafa ta nutse, su bi layin da aka shata musu a gefen hanya. In sunka ga sawu su durƙusa, su aza ma'auni, su ɗauki hoto, su rubuta wurin da GPS. Na kyanwar daji ne ko na koyot, wannan dilan nasu? Dangin kare dai akaifarsu na fitowa a sawu, dangin kyanwa galibi a'a. Sannan su bi sawun su gani: ta tunkari kwalta ta juya, ko ta bi ta ƙarƙashin gada?

Wallahi duk wanda ya taɓa bin makiyayi neman saniyar da ta ɓace ya san wannan ilimi. Mu kam rairayi ne takardarmu, su dusa. Bambancin kawai, su suna rubutawa, shekara bayan shekara, su miƙa ma hukuma. Ni a ganina nan ne ƙarfin aikin yake, don injiniya ba ya zuba siminti kan "ai na taɓa gani".

An buɗe hanyoyin ƙarƙashi wajen rafin Gold Creek, sannan a 2018 aka gama gadar dabbobi kusa da tafkin Kichelas. Gada ce da aka lulluɓe da ƙasa, motoci na wucewa ƙarƙashinta, shinge na kora dabbobi zuwa bakinta. Ba a daɗe ba kamara ta ɗauki koyot yana ƙetarewa da dare. Masu sa kai ba su daina fita ba, don har yanzu ana son a san wace dabba ta yarda da gadar, wace ce ke tsoronta.

Masu bin hanyar Yamai zuwa Doso, kun san raƙuman dawa na Kure ma suna ƙetare kwalta. Direbobi, in kun iso nan a sassauta ƙafa don Allah.