Taraktar Baba

Shekara 12 ƙaramar taraktar Baba na yashe a bayan gidanmu na Tudun Wada, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. A gwanjo ya saye ta, yana aiki a Samaru. Da ya rasu, Yaya ya ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin. Na roƙi wata uku.

Duk Asabar ina kanta. Na wanke kafireta, na canza fulogi, taya kuwa ta Keke Napep na ɗaura mata, don tata ko a Sabon Gari babu.

Ranar da ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe gidan. Inna ta leƙo, ta daɗe tsaye, sannan ta ce, "Wallahi na zaci Malam ne ya dawo daga gona."

Yaya bai sake ta da maganar ba.