Hayaƙin Turai da Farin da Ya Same Mu a Gwarzo

 

Muna ƙanana farin 1973 ya sauka, muna kuma almajirai na 1984 ya biyo baya. Mun ga gero ya ƙone tun bai fid da kai ba daga Gwarzo har Kabo, mun ga magidanta sun sayar da shanun huɗa domin su auni dawa, mun kuma bi malamanmu bayan gari roƙon ruwa, aka juya mayafai, tsofaffi suna kuka. A lokacin aka ɗora wa talaka laifi, aka ce sare itatuwa da yawan kiwo ne suka kori ruwa, har wani masani na Amurka mai suna Jule Charney ya ƙarfafa wannan magana a 1975.

To, daga baya sai bincike ya tono wani dalili babba. Masana'antu da tashoshin lantarki na Turai da Amurka sun yi ta ƙona kwal, hayaƙinsa mai farar wuta yana zama ƙura a sama, ƙurar tana mayar da hasken rana baya. Da haka arewacin tekun Atlantika ya yi sanyi, ita kuwa damina ɗumi take bi, sai hadarinmu ya ja da baya zuwa kudu. Rotstayn da Lohmann suka bayyana wannan a 2002, masana na Jami'ar Washington suka ƙara tabbatar da shi a 2013. Da ƙasashen nan suka rage hayaƙin saboda lafiyar mutanensu, bisa yarjejeniyar Jeniba ta 1979 da dokar Amurka ta 1990, sai ruwa ya fara komowa ƙasarmu.

Kada wani ya ce wannan ya saɓa wa ƙaddara. Allah ne Mai saukar da ruwa, amma Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma aya ta 41 a Suratur Rum ta danganta ɓarnar tudu da ta teku ga aikin hannun mutane. Malaman Malikiyya sun hana mutum ya kafa tanderun da hayaƙinsa zai cuci maƙwabcinsa. Ashe maƙwabtaka ta wuce katanga, tunda hayaƙin Ingila da Jamus ya iso har rumbunanmu.

Saboda haka, ya ku 'yan kasuwa da ma'aikata, mu da muka ɗanɗani cutar hayaƙin wasu bai kamata mu zuba wa wasu namu ba. Mai ƙona taya a mahauta, da mai cinna wa daji wuta don ɓera, da jami'in da ya sa hannu a takardar masana'anta bai duba hayaƙinta ba, kowa akwai haƙƙin mutanen da bai taɓa gani ba a wuyansa, kuma za a tambaye shi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu da cutar bayinSa, amin.