Na'ura tana nan lafiya, kwamfuta na cewa ba ta nan

Cikin kayan zamani da suka shigo gidajenmu, ba mu ga wanda ake yanke wa hukunci da gaggawa kamar na'urar buga takardu ba. Ran da take aiki ba mai tunawa da ita. Ran da ta ƙi kuwa, wato ran da ake haɗa takardun jarrabawar BEPC na yaro, ko wasiƙar neman aikin da za a rufe karɓa gobe, sai a ce ta mutu, a ɗauke ta zuwa wurin mai gyara ko a fara lissafin kuɗin sabuwa. Mu dai shekarun da muka yi da irinta a ɗaka sun koya mana jinkirta ta'aziyya.

Abin da ya fi tayar da hankali kalmomi biyu ne da kwamfuta ke rubutawa ƙarƙashin sunan na'urar: « Hors connexion ». Sai dai a lura da mai maganar. Kwamfuta ce ke ba da labarin cewa ta yi kira ba a amsa ba. Wanda ya yi sallama a ƙofar gida ya ji shiru bai isa ya ce mai gidan ya rasu ba. Wataƙila tashi ya yi ya koma wata unguwa.

Kuma sau da yawa tashin ne. A gidan da ake bugu ta wifi, akwatin intanet ne ke raba wa kowace na'ura lambar adireshi, irin 192.168.1.20, kuma aro yake ba da ita. In wuta ta ɗauke ta dawo (sau nawa a yini cikin bazara, mun bar wa mai karatu lissafi), akwatin kan sake rabo, ya ba wayar yaro lambar da na'urar bugu ke riƙe da ita jiya, ita kuma ya ba ta wata. Kwamfuta tsohon gidan ta sani, can take ta sallama. Abin da muke yi shi ne mu kashe komai, mu fara kunna akwatin, mu ba shi minti 2 ya natsu, sannan na'urar bugu, kwamfuta daga ƙarshe. In hakan bai wadatar ba, akasarin na'urori na iya buga shafin da ke nuna lambarsu. Lambar da ta fara da 169.254 na nufin ba ta samu adireshi daga akwatin ba sam. In kuwa ta samu, sai a cire sunanta daga kwamfuta a sake shigar da shi. A san kuma cewa ƙananan na'urori da yawa wifi mai 2.4 GHz kaɗai suke ji, ba mai 5 ba. A gidanmu mun yanke wa kanmu wahala da igiyar USB. Ba ta da kyan gani a kan tebur, amma ba ta canza unguwa.

Ko igiyar ma tana da nata hali. In aka zare ta aka soka a wata kafa, Windows kan yi wa na'urar sabon suna mai « Copie 1 », tsohon sunan ya dushe, takardu su riƙa tafiya wurin wanda ba ya nan. Daga Windows 10 na 2015 kuma kwamfuta kan zaɓi na'urar da aka yi aiki da ita daga baya ta mai da ita ta kullum, sai an hana ta. A duba kuma ko wani bai sa alama a kan « Utiliser l'imprimante hors connexion » ba, domin ƴan yatsun yara sun fi idon iyaye sauri.

Sai maganar layi. Duk takardar da aka aika tana shiga jerin jira, kamar mata a bakin famfo: in tulun gaba ya maƙale, na baya ba su motsawa. Mai gaggawa kuwa ya danna bugu sau 10, ya ƙara wa layin tsawo. A buɗe jerin a soke komai. In ya ƙi sokuwa, a rubuta services.msc, a tsai da « Spouleur d'impression », a kwashe abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, a sake tayar da shi. Takardun asali na nan inda aka adana su, kwafin da ke jira kawai ake sharewa.

Ba mu ce na'urar ba ta da ciwon kanta ba, musamman a ƙasarmu ta ƙura da zafi. Mai tawadar ruwa tana fesa ta ne ta ƙofofin da suka fi silin gashi sirantaka. In ta yi makonni ba aiki, tawadar ta bushe ta toshe su, sai shafi ya fito da zane-zane ko fari fat. Wankin kai da na'urar ke yi wa kanta yana magani, amma tawada yake sha, kuma kowa ya san tsadarta. Buga shafi ɗaya mai launi a mako ya fi araha. Mai leza garin tawada take amfani da shi, ba ya bushewa, sai dai tana zuƙar wuta sosai lokacin da take ɗumama abin da ke manna garin a takarda, shi ya sa ba a jona ta da ƙaramin batirin ajiyar wuta na kwamfuta. Ƙurar hunturu kuma kan kwanta a kan robar da ke jan takarda har ta riƙa santsi. Tsumma mai ɗan laima ya isa goge ta, bayan an zare wuta, sannan a rufe na'urar da ƙyalle in an gama.

Kafin a ɗaura ta a bayan babur, akwai gwaji ɗaya da muke yi. A sa ta buga shafin gwaji daga maɓallan jikinta, ko ta yi fotokopi in tana yi, ba tare da kwamfuta ba. In shafin ya fito sumul, a mai da ita kan tebur, a koma kan igiya, akwati da jerin jira. In ta yi ƙara mai kama da karyewar haƙori, ko ta ci takarda sau 3 a jere, ko ta tashi da ƙaurin ƙuna, a zare wuta a kai wa mai gyara, tare da shafin da ta ɓata domin ya gani da idonsa.