Jirgin da Yaro Ya Ƙera, da Tambayoyin da Edita Bai Yi Ba

Lokaci zuwa lokaci kafafen labarai na Hausa kan fito da labari iri guda: wani matashi ya ƙera jirgin sama da gwangwani da kwali da injin tsohuwar na'ura, ga hotonsa, ga sunan unguwarsu, ga kira ga gwamnati ta tallafa masa. Wanda ya fi shahara shi ne na Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin motar Honda Civic, har ya ɗaga shi kimanin ƙafa bakwai daga ƙasa. Labarin ya zaga duniya, kuma ya cancanci haka. Sai dai irin waɗannan rahotanni ba kasafai suke tambayar inda aka tayar da jirgin ba, da su wa ke tsaye kusa, da wanda ya ba da izini.

Inda sha'awar ƙananan jirage ta daɗe da kafuwa, da waɗannan tambayoyi ake fara magana. A Amurka akwai ƙungiyar Academy of Model Aeronautics, wadda aka kafa a 1936, mai buga mujallar Model Aviation, inda aka shafe shekaru ana keɓe shafi don batun kiyaye haɗari kawai. Ƙungiyar ba ta yarda mambanta ya tayar da ƙaramin jirgi mai injin jet ba sai ya sami takardar izini ta musamman, bayan ƙwararru sun ga tuƙinsa. An ƙayyade gudu kada ya wuce mil 200 a awa, wajibi ne a ajiye abin kashe gobara a kusa, kuma ba a shawagi a kan mutane. Akwai dalili: injin da bai fi tulun shayi girma ba yana ƙona kananzir, yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Editan da ya buga hoton irin wannan jirgi yana ratsa kan 'yan kallo ya san wasiƙun masu karatu za su iske shi kafin fitowa ta gaba.

Mai karatu a Anka ko Gummi na iya cewa wannan wasan masu hannu da shuni ne, kuma da gaskiyarsa. Amma batir da ƙaramin injin lantarki da na'urar sarrafawa daga nesa sun yi arha, bidiyon koyarwa kuma ya cika YouTube. Mai gyaran waya a kasuwar Gummi, idan yana da basira da haƙuri, zai iya haɗa abin da zai tashi. A nan ne lamarin ya sha bamban da na Amurka, domin a Zamfara duk abin da ya tashi sama batun tsaro ne. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya ta hana tayar da jirgi marar matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. A watan Maris na 2021 kuma, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaliban Jangebe, gwamnatin tarayya ta ayyana hana shawagin jirage a sararin samaniyar jihar. Jaridar da ta wallafa fuska da suna da ƙauyen yaron da ke iya ƙera abu mai tashi ta gabatar da shi ga masu neman tallafa masa, amma ta gabatar da shi ga jami'in da zai zarge shi, da kuma mutanen daji da ka iya ganin amfaninsa. Na ƙarshen nan suna riƙe da wayoyi kamar kowa.

Yankin ya riga ya san abin da ke faruwa idan dabara ta yaɗu ta bar gargaɗi a baya. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje; yara wajen 400 suka rasu. Yadda ake niƙa dutse ya kai kowane gida cikin sauri. Labarin abin da ƙurar ke yi wa jinin yaro bai iso ba sai bayan an haƙa kaburbura. Ba a kwatanta girman wannan masifa da wasan jirgi, amma hanyar da ilimin ya bi iri ɗaya ce, kuma, abin mamaki, dalmar da ake liƙa wayoyin lantarki da ita sau da yawa tana ɗauke da wannan gubar.

Saboda haka edita ba ya bukatar ya binne labarin. Basirar yaran abin alfahari ce. Yana bukatar ya nemi yardar iyaye idan yaron bai balaga ba, ya sakaya sunan ƙauyen, ya ƙi buga hoton gwaji a tsakiyar taro, ya kuma saka sakin layi ɗaya da ke faɗin dokar 2016 da cewa batirin litiyom da ya kumbura na iya kamawa da wuta a ɗakin kwana.