Tsohon rumbu a hanyar Buza

Da sassafe muka baro Madawa, muka ɗauki hanyar Buza, mu je mu gano rumbun da ƴan uwanmu mata suka tayar a wani ƙauyen Adar. Ƙasar duwatsu ce, ga manyan rumbunan laka tsaye kamar tuluna, kowane da ƴar malfarsa ta ciyawa.

Nasu ya daɗe a yashe. Jinka ta zube, ruwa ya tsattsaga jiki, gara ta hauro ta gindi. Daga asusu suka biya magini. Aka kankare tsohon yaɓe, aka kwaɓa laka da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, aka bar ta kwanaki ta jiƙu, sannan aka cike tsaga. Duwatsun gindi aka gyara, kada danshi ya hau. Ciki kuwa toka da ganyen bedi, saboda ƙwari. Sabuwar jinka ta hau kafin ruwan fari.

Shugabarsu ta ce mana: "Ƴan uwa, dā da kaka muke zubar da hatsi arha, tsakiyar damana mu sayo da tsada. Bana namu muka ci."

Muna dawowa muka leƙa namu rumbun. Wallahi gara ta riga mu. Shi za mu fara tattaunawa a taron Juma'a.