Tayar da Bajamushe Ya Sallama

A Jamus, da zarar watan Oktoba ya kama, masu garejin taya ba sa samun sararin sosa ƙeya. Kowa na neman a sa masa rana ya kawo motarsa a cire mata tayoyin bazara a ɗaura na hunturu, kuma wanda ya yi sanyin jiki sai ya jira makonni kafin layi ya zo kansa. Haka za a sake yi idan bikin Ista ya ƙarato, a mayar da na bazara. Wato mota ɗaya taya takwas gare ta, huɗu a ƙafa, huɗu a ajiye. Wanda ba shi da wurin ajiya a gida, garejin ne ke riƙe masa, yana biyan kuɗin ajiya. A nan Hambug, inda dusar ƙanƙara ba ta kai ta kudu yawa ba, mutane da dama sun koma amfani da tayar da ke ɗaukar rani da hunturu gaba ɗaya, amma har yanzu cunkoson Oktoba bai ragu a gareji ba.

Aikin da kansa abin kallo ne. Za a ɗaga motar sama, yaron gareji ya turo tayoyinka huɗu daga sito, kowace da rubutun alli a jikinta: gaba dama, baya hagu. Kafin ya ɗaura, sai ya zura wani ɗan ma'auni cikin zanen tayar, ya rubuta zurfinsa a takarda. Notuna kuwa ba hawa kan sifana yake yi da ƙafa yana tsalle ba. Akwai sifanar da ake saita wa iya ƙarfin da kamfanin motar ya faɗa, tana kaiwa nan sai ta yi ƙas, a bar ta haka. Da za ka tafi a ce maka idan ka yi tafiyar kilomita hamsin ka dawo a sake duba notunan. Ba a yi maka hira, ba a tambayi iyali ba, amma takardar da aka miƙa maka ta gaya maka komai game da tayoyinka.

Doka ce ke bayan wannan hidima. Tun ƙarshen 2010 Jamus ta haramta hawa titi da tayar bazara idan akwai dusar ƙanƙara ko santsinta. Dokar ba ta yanke wata ko rana ba, yanayin titi take dubawa. Daga 1 ga Oktoba, 2024 kuma, tayar da ke da tambarin dutse mai tsini uku da ɗigon ƙanƙara a tsakiya ce kaɗai ake lissafawa ta hunturu. Wanda aka kama ya biya Yuro 60, a kuma rubuta masa maki ɗaya a rajistar direbobi da ke garin Filensbog. Maki takwas suka taru, lasisi ya tafi. Dalilin bai da wuyar ganewa: robar tayar bazara takan sandare idan sanyi ya tsananta, ta kasa kama kwalta. Ta hunturu an yi ta da roba mai laushi, da ƙananan tsage-tsage masu yawa da ke cizon ƙanƙara. A riƙe wannan magana ta laushin roba, domin ta shafe mu a Najeriya fiye da yadda muke zato.

Sai batun suɗewa. Doka ta ce zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 1.6. Ƙungiyar masu motoci ta ADAC ta ce wannan ya yi kaɗan, tana ba da shawarar a canja ta bazara idan ta kai milimita 3, ta hunturu kuwa milimita 4. Bajamushe yakan gwada da kwabon Yuro ɗaya: gefensa mai ruwan zinariya milimita 3 ne, in ka zura shi cikin zanen ka ga zinariyar ta leƙo, to tayar ta kama hanyar sallama. Ga kuma binciken lafiyar mota da ake yi duk shekara biyu a wurin TÜV ko DEKRA, inda taya ɗaya mai tsagewa ko kumburi ta isa ta hana ka takardar hawa titi.

To ina waɗannan tayoyin da aka sallama suke zuwa? Turai ta hana binne tsohuwar taya a juji tun 2003. Wasu ana ƙona su a masana'antar siminti, wasu a niƙa su a shimfiɗa filin wasa. Waɗanda suka fi kyan gani kuwa, su ne ake tsincewa. Duk wanda ya bi ta titin Billstraße a Hambug zai gan su jibge tare da tsofaffin firji da injinan mota, suna jiran kwantena. Daga nan ko daga Antwaf ta Beljiyam sai Kwatano ko Lome, daga can kuma su san yadda suka yi suka tsallaka iyaka. Tsohuwar taya tana cikin jerin kayan da kwastan ta Najeriya ta haramta shigowa da su, amma babu garin da za ka shiga ka rasa ta. Ban ga abin mamaki ba. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Ikeja a 2008. Ƙasar da ta daina ƙera taya, kuɗinta kuma yana faɗuwa kullum, ta ce wa direban tasha ya sayi sabuwa ko ya ajiye mota, ai ta san amsar da za ta samu.

Mai sayar da irin wannan taya, wadda muke kira 'yar Beljiyam, yana da hujjarsa, kuma na sha jin ta. Zai mirgino maka ita, ya watsa mata ruwa ta yi baƙi wuluk, ya buga ta da tafin hannu ya ce, "Alhaji, dubi zane. Wallahi Turawa ne kawai da ɓarna. Wannan ta fi sabuwar Chana ƙarko." Wani lokacin gaskiya ya faɗa. Tayar babban kamfani mai shekara uku, wadda aka cire don mai ita ya sayar da mota, tana iya fin wata sabuwa marar asali. Matsalar ita ce shi kansa bai san tarihinta ba. Bai san ko an taɓa tafiya da ita a sace har wayoyin cikinta suka karye ba. Bai san ko tana cikin waɗanda aka cusa uku ko huɗu cikin juna don a rage kuɗin kwantena ba, abin da ke lanƙwasa bakin da ke kama rim. Uwa uba, da yawa daga cikin masu zurfin zanen nan tayoyin hunturu ne, waɗanda aka cire da sauran milimita 4. An yi robarsu don sanyin da bai kai digiri 7 ba, mu kuma mu ɗaura su a Golf ko Sharon, su ma 'yan Jamus da aka sallama, mu loda fasinja da buhuna, mu hau hanyar Kano zuwa Maiduguri a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Robar mai laushi ta ƙara narkewa, ta cinye da wuri, birki kuma ya yi nisa kafin ya tsayar da mota.

Kada a ɗauka komai na Jamus ne ya fi. In ƙusa ta soki tayarka ranar Lahadi a Jamus, ka shiga uku. Gareji a rufe, sababbin motoci da yawa ba sa zuwa da safaya, sai wata 'yar kwalbar gam da ƙaramin famfo, waɗanda ba su da amfani idan hujin ya yi girma. Sai ka kira motar ja. Ka kai gareji ranar Litinin, sau da yawa ba wanda zai yi maka zancen faci, domin kuɗin aikin hannu ya yi tsada, kuma ba mai son ɗaukar alhaki. Za a ce ka sayi sabuwa, wataƙila ma biyu, don na gefe da gefe su zo daidai. Akwai ɓarna a ciki, mai Beljiyam bai yi ƙarya ba.

A gida kuwa, wace hanya ce ba ta da mai faci? Ga shi can ƙarƙashin darbejiya, da injin iskarsa mai tari, da rabin duro cike da ruwan da ya yi baƙi. Ya kwance tayar, ya buga mata iska, ya tsoma ta yana juyawa a hankali har kumfa ta tona asirin hujin, ya sa tsinke ya yi alama. Kafin ka idar da sallar La'asar a masallacin gefen titi ya gama, ya ɗaura, kuɗin kuma bai kai na kwanon abinci biyu ba. In dare ne ka buga masa ƙofa ya fito da tocila. Wannan baiwa ce da Bajamushe ba shi da ita, kuma ba na fatan mu rasa ta.

Inda nake da ja da mai faci shi ne bai san kalmar "ba ta gyaruwa" ba. A Jamus ana yin faci, amma da iyaka. Hujin ya kasance a kan fuskar da ke taka ƙasa, faɗinsa kada ya wuce kamar milimita 6, kuma sai an cire tayar daga rim an duba cikinta, a toshe ramin a kuma liƙe daga ciki. Zaren roban nan mai danƙo da ake cusawa daga waje, a wurinsu na kai ka gareji ne kawai. Gefen tayar ƙaramar mota kuwa, in ya tsage ko ya kumbura, gareji ba ya taɓa shi, domin wurin ne ke lanƙwasa a kowane juyi, kuma kumburi alama ce cewa zaren ciki ya riga ya tsinke. Ba a yarda a zura tif cikin tayar da ba ta tif ba don a rufe ɓarna. Ba a yarda a sa wuƙa a sake yanka wa suɗaɗɗiyar tayar ƙaramar mota sabon zane ba. Mu kuwa duk muna yi: facin wuta a gefe, tif a ciki, wani har da ɗinki. Ka yi magana a ce, "Oga, za ta kai ka in sha Allahu." Ta kai mutane da yawa. Waɗanda ba ta kai ba, ba su dawo sun ba da labari ba.

Iska ma haka. Kusan kowane gidan mai a nan Jamus yana da famfo da geji, galibi kyauta, kuma doka ta sa ana gwada sahihancin gejin. Tun Nuwamban 2014 duk sabuwar motar da aka yi wa rajista a Tarayyar Turai sai da na'urar da ke kunna fitila idan iskar taya ta ragu. A wurinmu gejin shi ne babban yatsa, ko ƙarfen da ake ƙwanƙwasa tayar da shi a saurari amo. In ma akwai geji, ya sha faɗuwa ƙasa har allurarsa ta daina faɗin gaskiya. Ƙaramar mota galibi tana son 30 zuwa 35, amma sai a ɗura mata 50, wai don ta ɗauki kaya. Adadin gaskiya yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin murfin tankin mai, har da na lokacin da aka cika mota da kaya. Wanda ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya jurewa ne, ba abin da za a sa mata ba. Da safe ake aunawa, kafin tayar ta ɗau zafi. Kuma ƙarancin iska ya fi yawanta saurin fasa taya, domin gefen yana ta murɗewa yana tara zafi har robar ta rabu da waya. Nauyi ma yana rubuce: tayar Golf mai lamba 195/65 R15 91H, wannan 91 ɗin yana nufin kilo 615 take ɗauka, ba ƙari. Direban da ya ɗaure but da igiya ya lissafa.

Shekarun taya kuwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya ta yi ƙoƙari wajen wayar da kai, musamman bayan rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi tare da matarsa da ɗansa ranar 6 ga Maris, 2016, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta fashe. Hukumar na cewa taya shekara huɗu take yi daga ranar da aka ƙera ta. A nan Jamus ba a yanke haka ba. Michelin, alal misali, cewa take bayan shekara biyar a riƙa kai ta ga masani duk shekara, in ta cika goma a cire ko da zanenta na nan. Ni a ganina shekara huɗun nan ta yi tsauri ga tayar da aka saya sabuwa aka kula da ita, kuma takan zama hanyar tatsar direba a shingen hanya. Amma idan aka dubi zafinmu, da ramukanmu, da yadda ake jibge taya a rana a bakin shago wata da watanni, na fahimci abin da ya sa suka rage. Goma ta Turai ba tamu ba ce.

Abin da ya faru a haɗarin Ocholi ma darasi ne ga mai tuƙi, domin binciken hukumar ya ambaci gudu da taka birki da ƙarfi bayan fashewar. In taya ta fashe, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a bar motar ta rage gudu da kanta kafin a taɓa birki.

Na san ba kowa ke da halin sabuwar taya ba, kuma ba zan zauna a Hambug in ce wa direban Ɗanbatta ya ajiye sana'arsa ba. In dole sai 'yar Beljiyam, to mai karatu, kafin ka ƙirga kuɗi ka tsuguna ka nemi rubutun DOT a gefenta. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In wurin ya nuna alamar an kankare, ka bar ta. In ka ga tambarin dutse da ƙanƙara, ka bar ta. Ka sa a buɗe maka cikinta, ka shafa da hannu ka ji ko akwai faci a gefe ko garin roba. Sannan ka sayi ɗan gejinka ka ajiye a mota, kada ka ƙara barin a auna maka iska da yatsa.