Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Ɗalibi Da Dodonsa Mai Rikiɗa

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san dodo tun kafin ya san baƙi da wasali. Da shi ake hana yaro leƙa rijiya, da shi ake kore shi daga yawon magariba, da shi kuma ake cika tatsuniya in dare ya yi. Amma kaɗan ne suka taɓa zama suka tambayi kansu yadda ake gina dodo, watau abin da yake iyawa, da abin da ya gagare shi, da inda lagonsa yake. Wannan tambaya ce ta faɗa wa wani ɗalibin Sashen Hausa, mutumin Kazaure, a wani hutu da ya dace da watan azumi. Ya ɗauka aikin dare ɗaya ne, sai ga shi ta kai shi har Roni, ta kuma tono masa wani abu da ya yi shekara goma sha biyu yana binnewa.

Asalin wasan

A makaranta ne ɗalibin ya fara ganin wani wasa na mutanen Amurka mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a shekarar 1974. Yadda ake yin sa shi ne, 'yan wasa su zauna su kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mutum ɗaya kuma ya zama mai ba da labari. Shi zai siffanta gari da daji da mutanen da aka tarar, su kuwa su faɗi abin da jarumansu za su yi. In an zo wurin da ba a san yadda za ta kaya ba, sai a jefa 'yan ƙwayoyi masu lamba irin na ludo, abin da suka nuna shi ne hukunci. A 1977 aka buga wa wasan littafin dodanni, Monster Manual, wanda a cikinsa akwai dodon da ke ɗaukar kamannin mutum, da wanda ke zama akwatin dukiya ya jira mai kwaɗayi.

Da ɗalibin ya lura da kyau, sai ya ga ai wannan tatsuniya ce, illa dai an ba masu sauraro dama su tsoma baki a cikinta. Ga shi kuwa a gida ƙannensa in an sauko daga asham ba su da abin yi sai rububin wayar babarsu, tashe ma da ake farawa goma ga wata ya ja baya a unguwarsu. Saboda haka ya ƙudura zai shirya musu irin wasan da kayan gida.

Ya sami kwali ya zana taswira. Ya sa Kazaure a tsakiya da duwatsunta, Roni daga yamma, Gwiwa daga arewa maso yamma, Babura kuwa can gabas, ta wajen iyakar Nijar ta yau. Ya mai da labarin zamanin Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure a wajajen 1819, lokacin da fatake ke ratsa ƙasar da jakuna. Ƙanensa babba ya zama maharbi, mai bi masa maƙeri, ƙanwarsu 'yar mai ganye, autansu ɗan shekara tara kuwa yaron madugu. Da farko ya so ya yi amfani da wuri a maimakon ƙwayoyin lamba, sai ya tuna cewa in mahaifinsu ya ga ana watsa wuri a tabarma zai ce ko caca ce ko duba. Sai ya tara ƙwallon dabinon buɗa-baki guda shida, ya shafa wa kowane tawada a gefe ɗaya.

Dodon farko

Saura dodo. A nan ɗalibin ya saki hannu. Ya ba dodonsa ikon zama duk abin da ya ga dama, a duk lokacin da ya ga dama, ba iyaka, ba alama. A ganinsa iyakar ban tsoro ke nan.

Daren farko ya buɗe labari da ayarin fatake da ya taso daga Babura ɗauke da kanwa, ya sauka a wani zango kafin Kazaure. Gari ya waye ba jaki ɗaya, sai jini a turke. Ya gaya wa yaran cewa dodon yana cikin zangon da siffar mutum, sa'an nan ya lissafa waɗanda suka kwana a wurin: madugu, da wani attajiri mai fararen kaya, da almajiri, da wani baƙo mai raƙumi, da tsohuwa mai sayar da daddawa.

Bai rufe baki ba autan ya yi tsalle ya ce, "Yaya, tsohuwar ce! A ɗaure ta. Ai mayya ce, ba ka ga idonta ja ba?"

Ɗalibin bai ce idonta ja ne ba. Bai ma ce komai game da idonta ba. Sauran suka goyi bayan autan, aka jefa ƙwallon dabino, aka ɗaure tsohuwa. Da suka ga ba ita ba ce, suka koma kan baƙon, domin ba ya jin Hausa sosai, daga shi sai almajiri. Attajirin, wanda shi ne dodon, ba wanda ya ko dube shi. Yaran suka tashi suna dariya, shi kuwa ya naɗe kwalinsa jiki a sanyaye.

Dalili kuwa shi ne, tsohuwar nan ba ƙirƙirarta ya yi ba, ko da yake bai lura ba sai da ya ji ta a bakin ƙanensa. Yana ɗan shekara goma, akwai wata gwauruwa mai daddawa a bayan layinsu. Wani yaro ya kamu da zazzaɓi mai zafi, yana fizge-fizge yana sambatu, aka ce an ji ya ambaci sunanta. Nan da nan unguwa ta ɗauka cewa ta kama masa kurwa, wasu har da rantsuwa sun ga ta rikiɗa mage da dare. Aka jawo ta gaban jama'a aka tilasta mata ta tsallake yaron. Daga baya da aka kai shi asibiti aka gane zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, aka yi masa magani ya warke. Amma ba wanda ya je ya ba ta haƙuri, ba wanda ya sake sayen daddawarta, kuma yara suka riƙa bin ta da jifa. Ɗalibin yana cikinsu. Kafin damina ta kwashe 'yan komatsanta ta bar garin.

Wurin kaka a Roni

Bayan kwana biyu ya hau mota zuwa Roni gaishe da kakarsa ta wajen uwa, wadda a bakinta ya fara jin tatsuniya. Ya tarar da ita tana tsince wake, ya durƙusa ya gaishe ta, sa'an nan ya kwashe labarin wasan ya gaya mata.

Ta yi dariya ta ce, "Kai maigidan nawa, duk bokon naka ba a koya muku cewa dodo ma yana da ƙa'ida ba? Wanda ka yi ai ba dodo ba ne, annoba ce. In ba ta yadda za a gane shi, to, me ya rage wa mutane in ba zato ba? Zato kuwa kan marar gata yake sauka."

Ya ce, "To, Kaka, na tatsuniya fa?"

Sai ta tuna masa guda biyu. Ta farko ita ce ta budurwar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, ta kori samarin garinsu kaf, har dodo ya rikiɗa ya zo mata a saurayi sumul, ba ko ƙwarzane, ta bi shi daji. Ta biyu ita ce ta ɓaunar da ta zama kyakkyawar mace ta zo gidan maharbi don ta ji asirinsa. Saurayin ya shiga lissafa mata abubuwan da yake rikiɗa ya zama in dabba ta taso masa, ya faɗi suri, ya faɗi kututture, yana cikin faɗin na ƙarshe ubansa ya tsawata masa ya yi shiru. Da ta koma ɓauna ta bi shi, ta tumurmushe suri, ta farfasa kututture, sai wanda bai ƙarasa faɗa ba, watau zobe, shi ya cece shi.

Ta ce, "Ka gani? Rikiɗar ƙidayayya ce, tana ƙarewa. Kuma mugun da kyakkyawar fuska yake zuwa, da fararen kaya. Me zai yi da tsumman mai daddawa? Wa zai buɗe masa ƙofa?"

A hanyarsa ta komawa ya riƙa auna maganarta da abin da ya karanta. Ya tuna Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya tattara aka buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da littafin A. J. N. Tremearne na 1913 a kan camfe-camfe da al'adun Hausawa, da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Ya lura cewa rikiɗa iri biyu ce a tunanin Bahaushe. Akwai ta tatsuniya, wadda kowa ya san ƙanzon kurege ce, da an ce ƙurunƙus ta ƙare. Akwai kuma ta camfi, irin ta maye da ta mutumin da ake cewa yana zama kura, da layar zana da baduhu, wadda ake jingina wa mutum mai rai, maƙwabci, ba ta kuma ƙarewa da wayewar gari. Haƙiƙa tatsuniya ma ba ta wanke tsohuwa sarai ba, domin sau da yawa takan fito makira mai haɗa husuma. Amma kuskurensa shi ne ya ɗauki dodon tatsuniya ya cire masa ƙa'ida, sai yaran suka cike gurbin da camfin da suka tsinta a unguwa.

Dodon biyu

Ya zauna ya sake gini, ya sa wa dodon suna Ɗan'aro, ya kuma kafa masa ƙa'idoji huɗu.

Ta farko, ba ya rikiɗa sai tsakanin magariba da asuba, kuma sau uku kacal. Siffar da alfijir ya same shi da ita, a cikinta zai wuni.

Ta biyu, ba ya ɗaukar kamannin mutum sai mutumin ya ba shi aron wani abu da hannunsa, ko hula, ko sanda, ko ƙwarya, bisa kwaɗayin ladan da ya fi ƙarfin abin. Ta haka duk rikiɗa tana da mafari wanda mai bincike zai iya bi.

Ta uku ita ce alama, kuma ita ta fi ba shi wahala. Ya rubuta jan ido ya soke, ya rubuta ɗingishi ya soke, ya rubuta in'ina da baƙon harshe ya soke, domin duk waɗannan akwai bayin Allah masu su, kuma yaron da ya koyi tsoronsu a tabarma zai fita da tsoron waje. Yana neman alamar da babu ɗan Adam mai ita. Daga ƙarshe ya samu: sawun Ɗan'aro kullum yana baya da siffa ɗaya. In ya bar kura ya zama mutum, to, mutum ne a ido, amma sawun kura yake bari a rairayi. Mai son gane shi dole ya bar kallon fuska ya dubi ƙasa.

Ta huɗu, duk lokacin da 'yan wasa suka ɗora wa wani laifi ba da hujja ba, dodon ya sami ƙarin rikiɗa ɗaya, wanda aka zarga kuwa ya rufe bakinsa, ya tafi da abin da ya sani.

Daren ashirin da uku ga wata aka sake shimfiɗa kwali. Wannan karon an kai ayari wani ƙauye a hanyar Gwiwa, akuyoyi suna ɓacewa. Autan bai ɗauki darasi ba, ya sake nuna wata tsohuwa mai tallan kuka. Ɗalibin bai yi masa faɗa ba. Ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya ƙara a gefen dodo, ya ce tsohuwar ta shige ɗakinta ta ja asabari, alhali ita kaɗai ta ga wanda ya ari sandar mai unguwa. A daren Ɗan'aro ya yi amfani da ƙarin da suka ba shi, ya zama madugu, ya kore jakunansu duka.

Yaran suka yi tsit. Can sai ƙanwar ta ce, "Yaya, in na kai mata goro na ba ta haƙuri, za ta buɗe?"

Ya ce ta jefa. Huɗu daga cikin shida suka nuna tawada, tsohuwa ta ɗaga asabari. Maƙeri ya ba da shawara a share ƙofar zango a yayyafa toka, maharbi ya kwana a kan tsamiya. Da asuba ga sawun kura ya ratsa toka, ya tsaya daidai shimfiɗar wani mai rawani da ya yi kwana biyu yana raba musu dabino.

Kammalawa

Masu nazarin adabin baka sun daɗe suna cewa tatsuniya makaranta ce. Abin da ɗalibin ya ƙaru da shi shi ne, darasin ba a jawabin ƙarshe kaɗai yake ba, yana cikin ƙa'idar da aka gina dodon a kanta, domin ita ke koya wa yaro inda zai kai idonsa in tsoro ya kama shi. Wanda duk zai ƙagi dodo, ko don wasa, ko don littafi, ko don fim, ya kamata ya tambayi kansa wane ne zai kwana da zargin in an tashi.

Bayan salla, kafin ya koma makaranta, ya tambayi mahaifiyarsa labarin mai daddawa. Ta ce ta ji an ce wajen danginta ta koma, a wani ƙauye ta gefen Babura, kuma ta rasu shekarun baya. Ya yi mata addu'a, ya bar wa ƙanwarsa kwalin da ƙwallayen dabino, ya ce daga yau ita ce mai ba da labari. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata: ta ƙara wa Ɗan'aro duk abin da ta ga dama, amma kada ta taɓa ƙa'ida ta huɗu.